Mai Rubuta Manhaja Da Katin Awonki

Tun daga bakin ƙofa kin san masu yi miki hidima: mai ba da kati, malamar jinya mai gwada jini da nauyi, ungozoma mai duba kwanciyar ɗa, likita, da mai ba da magani. Akwai mutum guda kuma da ba ki taɓa gani ba. Ba ya sa farar riga, wataƙila ma bai taɓa taka ƙasar Zamfara ba, amma hannunsa yana cikin abubuwa da yawa da ake rubutawa a kanki. Shi ne mai rubuta manhajar kwamfuta, wato wanda yake tsara wa na'ura umarnin da take bi. A wannan fitowa ina so mu yi magana a kansa, da yadda yake aikinsa, da abin da yake yi idan ya tashi daga aiki. Ra'ayina shi ne, matan Anka da Gummi da Bukkuyum ba za su ci cikakkiyar moriyar wannan sana'a ba sai ranar da 'ya'yansu suka shiga cikinta, kuma iyaye ne za su buɗe musu ƙofar ko su rufe ta.

Bari mu fara da abin da kika sani. Idan malamar jinya ta tambaye ki ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe, tana so ne ta lissafa lokacin haihuwa. Ƙa'idar ita ce a ƙirga kwana 280 daga wannan rana, wato mako 40. A da, da ɗan faifan kwali ake juyawa a gano ranar, har yanzu ma ana amfani da shi a wurare da dama. A asibitin da ake da kwamfuta kuwa, ana shigar da ranar sai amsa ta fito nan take. To, kwamfutar ba da kanta ta san wannan ƙa'ida ba. Wani ne ya zauna ya rubuta mata: idan an ba ki rana kaza, ki ƙara kwana 280, ki tuna watan Fabrairu wani lokaci kwana 28 ne wani lokaci 29. Shi ne kuma zai iya rubuta mata cewa idan awon jinin mai ciki ya kai 140 bisa 90, ta nuna jan rubutu domin a lura, tun da hawan jini shi ne kan gaba wajen kawo jijjiga. Haka nan zai iya sa ta tuna wa ma'aikata cewa wance ta sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata guda da ya wuce, lokacin na gaba ya yi.

Kada ki ɗauka aikin nan duk buga maɓallai ne. Mafi yawan yinin mai rubuta manhaja yana tafiya ne wajen karanta abin da shi ko wani ya rubuta a baya, da neman inda kuskure ya ɓuya, da gwada abin da ya gyara sau goma ko ashirin, da zama da masu amfani da manhajar yana jin kokensu. Waƙafi guda da aka sa a inda bai dace ba yana iya cinye masa yini. Ga misali ƙarami mai haɗari: mu a nan muna rubuta rana kafin wata, mutanen Amurka kuma suna rubuta wata kafin rana. Idan aka rubuta 3/4, a wurinmu uku ga Afrilu ke nan, a wurinsu huɗu ga Maris. Manhajar da ba a kula da wannan bambanci a cikinta ba za ta iya gusar da ranar haihuwarki da kusan wata guda, likita ya ɗauka ciki ya wuce lokaci alhali bai kai ba. Saboda irin wannan ne mai sana'ar kirki ba ya sakin aikinsa sai wani abokin aiki ya duba masa, kamar yadda ake son malaman jinya biyu su duba ledar jini kafin a ɗaura wa majinyaci.

A ƙasarmu kuma yana da ƙarin wahala da takwaransa na Turai bai sani ba. Yana cikin aiki wuta ta ɗauke, sai ya koma kan janareto ko sola. Kuɗin data yana cin albashinsa. Idan kamfanin da yake wa aiki a Amurka yake, to safiyarsu ita ce yammacinmu, sai ka ga mutum ido biyu har ƙarfe biyun dare, maƙwabta suna zargin ko wani abin yake ƙullawa. Zan dawo kan wannan zargi a gaba.

Inda lissafinki yake zuwa

A ƙarshen kowane wata, asibitoci da ɗakunan shan magani na gwamnati suna tattara adadin matan da suka zo awo, da waɗanda suka haihu, da yaran da aka yi wa rigakafi, su aika wa ƙaramar hukuma. Daga nan ake shigar da su cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Najeriya ta ɗauka a matsayin rumbun bayanan lafiya na ƙasa. Asalin wannan aiki daga Afirka ta Kudu ne a shekarun 1990, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, yanzu kuma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ce take jagorantar rubuta ta, ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita, kuma ba sayar da ita ake yi ba. Da irin wannan lissafi ake duba inda ake bukatar ƙarin magani, ko gidan sauro, ko ungozoma. Ke nan zuwanki awo a Gummi yana zama lamba guda da za a gani a Gusau da Abuja. Rashin zuwanki kuma ba ya bayyana ko'ina, sai a ɗauka garinku ba shi da masu ciki da yawa.

Manhaja ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma ita da sauran manhajojin asibiti, kowa yana rubuta abin da ya sani ne. Wanda ya tashi a birnin da kowane gida yake da lamba, zai sa gurbin lambar gida da sunan titi, ya ce dole a cike kafin a wuce gaba. Me matar Nasarawar Burkullu ko ta wata tunga a bayan Bagega za ta ce? Zai sa gurbin ranar haihuwar uwa, rana da wata da shekara. Mata da yawa a wajenmu ba su da takardar haihuwa, sai mai shigar da bayani ya gaji ya riƙa sa wa kowa ɗaya ga Janairu. Zai sa gurbin lambar waya, alhali wayar ta maigida ce kuma ya tafi cin rani. Zai tambayi sunan miji kai tsaye, bai san akwai matar da ba ta kama sunan mijinta ba, kamar yadda ba ta kama sunan ɗan fari. Zai tambayi haihuwa nawa, bai san wata za ta ƙirga rayayyu kawai ta bar waɗanda suka koma da ɓarin da ta yi ba, don zafin tunawa ko don kawaici. Ga likita kuwa, waɗannan da aka bari a baya su ne suka fi muhimmanci, domin su ne suke nuna irin kulawar da wannan ciki yake bukata.

Batun kwanan wata ma haka ne. Ki ce wa ma'aikaci kin ga al'adarki ta ƙarshe mako biyu bayan sallar layya, ko a goman ƙarshe na azumi, kin faɗi gaskiya kuma kin faɗi daidai. Mayar da wannan zuwa kalandar bature ba wani aiki mai wuya ba ne ga mai rubuta manhaja. Sai dai ba zai yi ba idan bai taɓa jin mace ta ba da amsa haka ba. Yaron da ya taɓa raka mahaifiyarsa awo a babban asibitin Anka ba sai an faɗa masa ba.

Ga kuma maganar sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni ba kira ba intanet. Duk manhajar da ba ta aiki sai da intanet, a wannan lokaci ta zama hoto. Akwai masu rubuta manhaja da suka yi tunanin irin wannan tun da wuri. A 2008 wasu masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka, cikinsu har da Yaw Anokwa ɗan asalin Gana, suka fara wata manhaja mai suna ODK, wadda ma'aikaci zai cike bayani a wayarsa a ƙauyen da babu sabis, ta adana shi, sai ranar da ya shigo gari ta aika. An yi amfani da ita sosai a aikin rigakafin shan inna. Wanda ya san Afirka ne yake fara tambayar: idan babu wuta babu sabis fa?

Sunan ƙauye ba ƙaramin abu ba ne

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a ba su labarin gubar dalma, amma akwai darasi a ciki da ya shafi maganarmu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan cututtuka irin su sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da yara ƙanana suke mutuwa da jijjiga, kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu aiki. Da aka bincika sai aka gano dutsen zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ce yara suke shaƙa suna haɗiya. A 'Yargalma ta Bukkuyum da Dareta ta Anka, binciken gida-gida ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega duk abin ya shafe su. An ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka da aka kawo ba ta karanta abin da ya wuce 65, jinin yara da yawa kuma ya zarce haka, sai dai ta nuna ya yi yawa kawai.

Ki lura da yadda aka gano abin. Yaro guda mai jijjiga a asibiti, kowa zai ce zazzaɓi ne. Sai an ga yara goma, ashirin, duk daga ƙauye guda, sannan hankali yake tashi. Idan mai ba da kati ya rubuta wa kowa Anka a matsayin gari, wannan alama ta ɓace. Daga baya da aka shiga yi wa dubban yara magani, kowane yaro sai an bi sakamakon jininsa wata bayan wata, shekara bayan shekara, har MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. Ba a riƙe irin wannan lissafi da ka.

Wannan ya shafe ki kai tsaye. Dalma tana zama a cikin ƙashi shekaru masu yawa. Lokacin goyon ciki, jiki yana ɗebo sinadarin ƙashi domin gina ɗan tayi, sai dalmar ta biyo jini ta ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan. Tana iya kawo ɓari, da haihuwar bakwaini, da hawan jini ga uwa, da raunin ƙwaƙwalwa ga yaro. 'Yan matan da suke rarrafe a Dareta da Bagega a 2010, yau wasunsu sun kai aure. Saboda haka idan kin tashi a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, ko ana sarrafa dutsen zinariya a gidanku, ko maigida yana dawowa da kayan aikin haƙa a jikinsa, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba. A raina, manhajar awon ciki da ɗan Anka zai rubuta, da an shigar da sunan Bagega za ta tuna wa ma'aikaci ya yi wannan tambaya. Wanda yake zaune a Legas ko Indiya ba laifinsa ba ne idan bai sa ba.

Abin da yake yi bayan tashi daga aiki

Wani abin mamaki game da masu wannan sana'a shi ne, da yawansu idan sun tashi daga rubuta manhajar da ake biyansu, sai su koma rubuta wata don sha'awa, kamar maɗinkin da zai rufe shago ya je gida ya ɗinka wa 'yarsa riga. Iyaye sukan ga wannan a matsayin ɓata lokaci. Amma a 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta wata manhaja don nishaɗinsa, ya saka ta kowa ya ɗauka kyauta. Sunanta Linux. A kanta aka gina Android, wato abin da yake tafiyar da yawancin wayoyin shafa da suke hannun jama'a a kasuwar Gummi yau.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne zanen taswira. A 2004 wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara OpenStreetMap, taswirar duniya da kowa zai iya ƙara wa hanya ko gari. A 2014 MSF da ƙungiyoyin Red Cross na Birtaniya da Amurka da wata ƙungiyar masu taswira suka kafa shirin Missing Maps, domin zana wuraren da babu su a kowace taswira. Cikin waɗanda suka assasa shi akwai Ivan Gayton, wanda ya shugabanci aikin MSF a Najeriya a 2012, lokacin da ake fafutukar a saki kuɗin share gubar Bagega. Yadda ake yi shi ne, masu sa kai sukan taru da yamma bayan aiki, kowa da kwamfutarsa, suna duba hoton tauraron ɗan'adam suna zana gidaje da hanyoyi. Aikin rigakafin shan inna ma ya nuna amfanin taswira: da aka zana garuruwan Arewa daga hoton sama, aka ba masu allura wayoyin da suke nuna inda suka taka, aikin da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta yi hannu a ciki, sai aka ga rugage da tungayen da ake tsallakewa. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Sai dai hoton sama yana da iyaka. Yana nuna rufin ɗaki, ba ya faɗin sunan gari. Bai san wace ce Tungar wane ba a cikin tungaye goma, ko wane Sabon Gari ake nufi. Bai san hanyar da take bi da rani amma gulbi yake yanke ta da damina ba, kuma mutanen Gummi da suka ga ambaliyar 2024 sun san abin da nake faɗa. Bai san ƙauyen da mutanensa suka watse suka koma cikin garin Anka saboda 'yan bindiga ba. Ranar da naƙuda ta zo da gardama cikin dare, direban da zai ɗauko ki yana bukatar sanin duk waɗannan. Matashin da yake da waya, ya san yankinsa, yake sa sunayen garuruwa da ɗakunan shan magani a taswira don sha'awa, yana yin aikin da baƙo ba zai iya ba ko an biya shi. Haka masu rubuta bayanin cututtuka da Hausa a Wikipedia ba tare da ko sisi ba. Su ma matasan da suka kafa Follow The Money, Hamzat Lawal da abokan aikinsa, da kwamfuta da waya suka dami gwamnati a kan Bagega, har aka saki kuɗi a farkon 2013 aka share garin, yara suka samu damar fara shan magani.

Duk da haka, ba na goyon bayan mutum ya tashi daga allo ya koma allo kullum. A nan ina magana ne da matar mai wannan sana'a, da mahaifiyarsa, da ita kanta mai cikin da take wannan aiki, domin akwai su. Dogon zama yana kawo ciwon baya da wuya, da ƙiba, da hawan jini. Kallon allo yana busar da ido ya sa ciwon kai, shi ya sa likitocin ido suke ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20. Rashin barci kuwa shi ne uban kuskure, kuma kuskuren wanda yake rubuta manhajar asibiti a jikin majinyaci yake ƙarewa. Don haka idan maigida ya ce zai je ƙwallo da yamma, ko zai duba tattabarunsa, ko zai leƙa gona, ko zai zauna dara da abokai, ki bar shi, wani ɓangare ne na aikin. Masu sana'ar da kansu sukan ce matsalar da ta gagare su a kan kujera, a hanyar masallaci ko wajen ban ruwan shuka amsarta take faɗo musu. Kai kuma maigida, kwamfuta ba uzuri ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Wanda ya iya tsara wa kamfani jadawalin aiki, ya iya sa waɗannan ranaku a wayarsa, ya tanadi kuɗin mota, ya san rukunin jininsa da na wanda zai ba da jini idan bukata ta taso.

Ke mai aikin zama, ko a kan kwamfuta ko a kan keken ɗinki, ki sani jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa a jijiyar ƙafa. Ki riƙa tashi kina takawa aƙalla duk awa guda, ki sha ruwa. Idan ƙafa guda ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi miki wuya farat ɗaya, wannan ba na jiran ranar awo ba ne, ki zo asibiti a ranar.

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce kwamfuta ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da jini, ba ta gyara hanyar da ta lalace. Ɗakin shan maganin da babu ungozoma, ko an cika shi da na'urori ba zai ceci kowa ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya zo da manhaja yana cewa ita ce maganin mutuwar mata wajen haihuwa, a tambaye shi ina jini, ina mota, ina ma'aikata. An sha ganin na'urorin da aka raba da biki suka ƙare a cikin kwali saboda babu mai gyara su. Amma wannan ma hujja ce a gare ni: babu mai gyara ne domin wanda ya rubuta yana nesa, kwangilarsa ta ƙare ya tafi. Da ɗan gari ne, da an aika yaro ya kira shi.

Sai zargin da na ce zan dawo kansa. Iyaye da yawa idan suka ga yaro ya daɗe a kan kwamfuta, abin da yake fara zuwa ransu shi ne 'yan damfarar intanet. Tsoron yana da dalili, amma gane bambancin ba shi da wuya. Ku ce ya nuna muku abin da ya gina. Mai koyon rubuta manhaja zai yi murna ya nuna, har ya gundure ku da bayani. Yana da malami ko abokan koyo da za ku iya gani, kuɗi kuma ba sa zuwar masa dare ɗaya, sai bayan shekara biyu ko uku na wahala. Mai damfara shi ne yake rufe allo idan an shigo, ga kuɗi ba a san tushensu ba. Wuraren koyo kuma ba su yi nisa kamar da ba: akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na koyar da matasa irin waɗannan sana'o'i. Abin da yaro yake bukata tun daga firamare shi ne lissafi da karatu da haƙuri.

'Ya mace kuwa, a ganina ta fi kowa dacewa da rubuta manhajar awon ciki. Sana'a ce da za ta iya yi a cikin ɗakinta, da aurenta da goyonta. Ita ce ta san tambayar da mace ba za ta amsa a gaban miji ko uwar miji ba, ta san yadda za a jera tambayoyi ba tare da an kunyata kowa ba. Ita ce kuma za ta fi jin nauyin sirrin da aka ba ta. A kan sirri, ki sani tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda dokar ta fi tsanantawa a kansu. Kina da haƙƙin tambayar wa zai ga abin da aka rubuta a kanki, kuma babu ma'aikacin da ya halatta ya ɗauki hoton sakamakon gwajinki ya aika wa wanda ba ya cikin masu yi miki magani.

Kafin 'ya'yan namu su kai ga wannan matsayi, akwai naki rabon aikin. Idan an tambaye ki gari, ki faɗi ainihin ƙauyenku da gundumarsa da ƙaramar hukuma, ko da yanzu a cikin Anka ko Gummi kike zaune, sai ki faɗi duka biyun. Ki tsaya a kan suna guda, wanda aka rubuta ranar farko, kada yau Fatima gobe Binta, domin kwamfuta za ta ɗauke ku mata biyu ta raba tarihinki gida biyu. Idan kama sunan maigida yana yi miki nauyi, ki zo da shi a rubuce ko ki bar 'yar rakiya ta faɗa. Ki ƙirga wa ungozoma kowane ciki da kika taɓa ɗauka, har wanda ya zube da wanda bai zo da rai ba. Katin awonki na takarda kuma ki sa shi a leda ki ajiye inda hannu zai kai cikin duhu, ki tafi da shi duk asibitin da za ki, domin kwamfutar wani asibitin ba lallai ta san abin da ke cikin ta wani ba, kuma ranar da aka turo ki nan daga Bukkuyum cikin dare, katin ne likitan da yake bakin aiki zai fara nema.